An Ɗaura Ko An Ɗaure

Ranar da aka ɗaura auren, ango bai ga amaryarsa ba, don yana gidan yari yana zaman ɗaurin rai da rai. Babban wansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shi ya shiga ya fita har hukumar gidan yarin ta amince, shi ya karɓa masa auren, shi kuma ya dawo gida baki har kunne ya zarce ɗakin mahaifiyarsu. Inna tana kwance inda take kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, baki a karkace, ido ɗaya yana tsiyayar ruwa. Yaya ya sunkuya daidai kunnenta ya ɗaga murya, duk da babu wanda ya taɓa cewa ciwon ya taɓa mata ji.

"Inna! Auren Autanki! An ɗaura!"

Tsohuwar ta juya ido ta dubi matar da ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar kayanta. Ta daɗe tana tattaro harshenta.

"An ɗaure," in ji ta.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malama, 'yar Inna mace tilo, mai koyarwa a makarantar firamare, har da riƙe ciki.

"An ɗaura, Inna, ba an ɗaure ba! Kai, wannan ciwo bai bar mata harshe ba."

Amarya ma ta yi murmushi, don ba ta ga abin da ya kamata ta yi ba in ba shi ba.

Ba yarinya ba ce, kuma babu wanda ya yi mata dole. Cikakkiyar mace ce mai aikin kwaɓa fulawa a gidan burodi, damtsenta ya fi na maza da yawa. Ita da Auta sun yi alkawarin aure tun kafin faɗan tashar mota da ya ci ran mutum a hannunsa. Bayan an yanke masa hukunci ta yi sintiri a ƙofar gidan yari har takalminta ya suɗe, kullum gandiroba ya maido ta da magana ɗaya: iyaye, 'yan'uwa na jini, ko matar aure. Mai alkawari ba ta cikin doka. Ita kuwa abin da take so a duniya bai fi wannan ba, ta zauna gabansa ta ga fuskarsa ranar ziyara, wadda sau ɗaya take zuwa a wata. Da Yaya ya zo mata da maganar aure, ko shawara ba ta tsaya yi ba.

Shi kuma Yaya ya samu abin faɗa. A bakin shagonsa na kayan gini, a wurin ɗaurin auren wasu, har a gidan rediyo da aka taɓa gayyatarsa, zance ɗaya ne.

"Fursuna ɗan Adam ne. Jikinsa aka tsare, ba zuciyarsa ba. Wace doka ce za ta hana mutum iyali don ya yi kuskure?"

In wani ya ce auren me za a yi da wanda sai gawarsa za ta fito, Yaya ya taso masa har sai ya yi shiru. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, ana cewa irin wannan wa sai an tona. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya sa tausayin nan bai motsa ba sai a watan da mai jinyar Inna ta ƙarshe ta tattara komatsanta ta ce ko da me za a biya ta ba ta sake kwana a ɗakin.

Ɗakin Auta yana nan, amma Yaya ya cika shi da gwangwanayen fenti da buhunan siminti. Aka shimfiɗa wa Amarya katifa a ƙasa, daidai ƙafar gadon Inna.

"Na ɗan lokaci ne," in ji Yaya, "kafin a gyara miki ɗakin mijinki."

Aikin gidan burodi ma bai kai mako ba ya kashe shi. Matar gidansu, in ji shi, ba ta fita aikin lebura, ai abin kunya ne a ce suna raye surukar Inna tana kwaɓa wa gari fulawa. Sai ta koma kwaɓar da ba abin kunya ba ce. Da safe ta ɗaga Inna cak ta cire mata famfas, ta wanke ta, ta goge ledar katifa, ta canja zanin gado. Ta juya ta dama, in an jima ta juya ta hagu, don kada kwanciya ta cinye mata fata. Ta dama abinci ya yi ruwa-ruwa ta ba ta da cokali, rabi ya shiga rabi ya biyo gefen baki. Ta fita da wanki bayan gida ta dirje shi da bilic, kafin ya bushe wani ya taru. Warin ɗakin ya kama gashinta da tufafinta, ya bi ta har cikin kwanon abincinta. Ba ta yi ƙorafi ba. Uwar mijinta ce, kuma ranar ziyara tana tafe.

Da ranar ta zo, tun da sassafe ta gama da Inna, ta yi wanka har sau biyu, ta saka rigar da ta goge tun jiya. Ta aika an sayo mata burodi mai zafi daga tsohon wurin aikinta, irin wanda Auta ke so. Malama ce aka ce za ta zo ta zauna da Inna. Amarya ta zauna a bakin katifa da jaka a cinya har rana ta take, sannan waya ta yi ƙara.

"Amaryarmu, wallahi taron malamai ne ya taso ba zato. Ki yi haƙuri, wata mai zuwa da kaina zan saka ki a mota."

Amarya ta tsallaka sashen Yaya, wanda ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Matar Yaya tana kishingiɗe a kushin tana kallon talabijin. Ta ji buƙatar, ta yamutsa fuska.

"Ni da zan iya ai da ba a kai ga haka ba. Zuciyata ba ta ɗaukar wari. Ina shiga ɗakin nan amai zan yi, kin ga aiki ya zama biyu."

Yaya ya fito yana gyara hula, ya miƙa hannu ya karɓi ledar burodin.

"Kawo, ni zan je. Zan gaishe miki da shi sosai."

Da yamma ya dawo ya ce Auta yana gaishe ta, kuma ya ce burodin ya yi daɗi. A kujerar motarsa ta ga ɓurɓushin.

Wata na biyu ɗan Malama ne ya yi zazzaɓi. Na uku matar Yaya ta tafi biki. Na huɗu babu wanda ya ma wahalar da kansa ya nemo dalili, Yaya dai ya shiga mota ya tafi. Mutanen nan suna da wata baiwa, ba su taɓa ce mata a'a ba. Kullum "in sha Allahu wata mai zuwa," da murya mai taushi, ana kiranta Amaryarmu, har sunan ya fara yi mata ɗaci a kunne. Shekara ta zagayo tana Amarya, ba ta taɓa ganin ango ba.

Jikinta ya fara ba da labari. Bilic ya tsattsage mata hannu, tsakanin yatsunta ya yi jajur. Bayanta ya riƙe, in ta sunkuya ɗaga Inna sai ta ciji leɓe. Damtsen nan ya zube, ƙashin wuya ya fito. Masu zuwa dubiya sukan tsaya a bakin ƙofa su ce ma sha Allah, tsohuwa fes da ita, ko ƙurji babu, Allah ya yi wa Yaya albarka. Yaya ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u ya ce ai uwa ce, me mutum zai yi ya biya ta.

Ran nan dai ta tare shi a tsakar gida, Malama ma tana nan ta kawo lemo a leda, wanda shi ne iyakar jinyarta.

"Yaya, ina so in gan shi. Don shi na zo gidan nan. Yini ɗaya kawai nake roƙo."

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Wa ya hana ki? Yanayi ne. Kuma ki duba, sauran mata suna fama da girkin miji da wankinsa da faɗansa, ke duk an ɗauke miki. Wannan ɗan abin da kike yi wa Inna ai shi ne aurenki. Lada kike kwasa ba ki sani ba."

"To a raba ladan mana, Yaya. Kada in cinye ni kaɗai."

Malama ta ajiye ledar lemon.

"Au, baki ya buɗe? Mu muna da mazaje a gida, muna da yara, muna da aiki. Ke me kike da shi? In ba ki zauna da Inna ba, zaman me za ki yi?"

Abin da Malama ta lissafa gaskiya ne, Amarya ba ta da ko ɗaya. Abin da bai zo bakinta ba a lokacin shi ne, su ɗin ne suka tabbatar ba ta da su. Ta koma ɗaki ta tarar Inna ta ɓata shimfiɗa, tana kallon bango don kunya.

Inna ba ta cika magana ba. Ruwa, zafi, sannu, su ne kalmominta, kuma sannun nan, Amarya kaɗai take yi wa. Wata safiya wata maƙwabciya ta leƙo dubiya, tana tsaye daga bakin ƙofa da gyale a hanci, take ba da labarin auren jikarta da aka yi ta ɗagawa. Amarya tana ba Inna abinci. Inna ta haɗiye, ta juya ido wajen baƙuwar.

"An ɗaura?" in ji ta.

"An ɗaura, Inna, jiya-jiyan nan."

Cokalin ya tsaya a hannun Amarya. Kalmar ta fito tsaf, babu inda ta karkace. Da baƙuwar ta tafi, ta dubi tsohuwar, tsohuwar ta dube ta. Ashe ranar nan da ɗaki ya ɗauki dariya, ba harshe ne ya zame ba. Mutum ɗaya ce a gidan ta faɗa mata gaskiya, aka ce ciwo ne.

Ranar ziyara ta gaba Amarya ba ta goge riga ba, ba ta roƙi kowa ba. Tana gama shirya Inna, tsohuwar ta kama mata wuyan hannu da hannunta mai lafiya.

"Je ki."

Amarya ta ɗaga ta ta ɗora a keken guragu, ta tura ta tsakar gida, ta bi ta ƙofar nan ɗaya, ta shiga falon Yaya. Ta tsayar da keken a tsakiyar sabon kafet, tsakanin matar Yaya da talabijin, ta ajiye famfas biyu da kwanon abinci a kan tebur.

"In an jima a juya ta hagu," in ji ta.

"Ke! Ke!" in ji matar Yaya. "Wa kika bar wa? Ba ki da hankali ne?"

Ihun ya biyo ta har titi. Ba ta waiwaya ba.

A ƙofar gidan yari layi ne na mata da tsofaffi, kowa da ledarsa. Wata gandiroba ta laluba ta daga sama har ƙasa, ta tsaga burodin da ta saya a hanya ta leƙa cikinsa.

"Wanda kika zo gani, ke mece ce a wurinsa?"

"Matarsa ce."

Gandirobar ta ɗago ta dube ta. "Yana da mata? Ina kika shiga duk wannan lokaci?"

Ɗakin ziyara dogo ne, benci a nan benci a can, ragar ƙarfe a tsakani, hayaniya kamar kasuwa. Ta samu wuri a benci ta zauna. Sai ga shi an shigo da shi. Ya yi ƙiba. Fatarsa ta yi sumul, ya tara gemu, akwai garin katako a gashin hannunsa, don a sashen kafinta yake aiki. Idonsa ya wuce ta ya dawo kafin ya gane ta. Ta sa yatsunta a raga, ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Wa kika bar wa Inna?" in ji shi.

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba saboda hayaniya.

"Tana falon Yaya. Ni ce fa. Na zo."

"Na gan ki. Amma matar Yaya ai ba ta iya ba. Ni na ce wa Yaya kada ki riƙa wahalar zuwa, tunda shi yana zuwa."

"Kai ka ce?"

"To in kin taho wa zai zauna?"

Ta sauke yatsunta daga ragar. A hankali ta tambaye shi, auren nan shawarar wa ce. Bai ko ɓoye ba. Da fara'a ma ya faɗa, irin ta wanda ya yi dabara ta yi kyau.

"Yaya ne ya zo yana kuka da 'yan aiki, wai kowace aka kawo sai ta gudu. Ya ce abin da gidan ke buƙata wadda ba za ta tafi ba. Na ce masa in dai wannan ne, ina da ita. Na ce kina da ƙarfi, kina da haƙuri, kuma kina sona. Kin ga ai ban yi ƙarya ba. Ya ce Inna ko ƙurji babu."

Amarya ta ji abin da warin ɗakin Inna bai taɓa sa mata ba. Ƙyama ce tsagwaronta. Ta dubi hannunsa mai sumul, ta dubi nata.

"Ka sake ni."

"Me?"

"Ka sake ni. Kalma ce, ka faɗe ta a nan, ga mutane suna ji."

Ya dubi ragar, ya dubi gandiroban da ke tsaye a bayansa da kulki, sai ya yi dariya.

"Saki? Duk faɗin gari sai nan kika zo neman saki? Ni wa ya sake ni?"

"Kai ka kashe mutum. Ni wa na kashe?"

Fuskarsa ta ɗaure. "Kada ki kawo min wannan. Haƙuri nake, ke ma ki yi. Ke da kike waje kina shan iska, har kina da bakin magana?"

Aka buga ƙararrawa. Ya miƙe, ya sa hannu ta ƙasan raga ya ja ledar burodin.

"Ki yi sauri ki koma," in ji shi. "Kuma ki ba Yaya haƙuri."

Auta kam alƙali ne ya ɗaure shi, bayan an kira shaidu, an ba shi lauya, an tambaye shi ko yana da abin cewa. Yana da lokacin tashi daga aiki, yana da ranar hutu, in bayansa ya riƙe akwai ɗakin magani. Duk masu kumfar baki a kan ko fursuna ya cancanci aure, da masu cewa e da masu cewa a'a, a kansa suke magana. Babu wanda ya ce a je a duba inda za a ajiye matar, da wa zai riƙe mabuɗin.

Ta isa gida rana ta yi sanyi. A tsakar gida ta tarar da keken, an turo shi waje an bar shi jikin igiyar shanya. Inna ta zame gefe ɗaya, zaninta ya jiƙe har ƙasa, ƙudaje sun taru. Kwanon abincin yana kan cinyarta ba a buɗe ba. Daga tagar falo muryoyi suna fitowa, an kira Malama an yi zaman gaggawa, ba a kan tsohuwar da ke rana ba, a kan rashin kunyar Amarya.

"Ku bar ta, za ta dawo," in ji Yaya. "Ina za ta je da igiyar aure a kanta?"

"Ni dai a lallaɓa ta," in ji Malama. "Uwar mijina ma jikin ya ƙi, jiya a kwance ta yi fitsari. Na ce masa kada ya damu, in Allah ya yi wa Inna cikawa gadon nan ai ba zai zauna haka ba. Amarya ta riga ta ƙware."

"Wannan gaskiya ne. Zumunci ai ya gaji haka."

Amarya ta tsaya har suka gama. Sannan ta sunkuya, ta ciji leɓe, ta ɗaga Inna cak ta kai ta ɗaki. Ta wanke ta, ta shafa mata mai a inda rana ta ƙona, ta juya ta hagu. Ta ɗumama abincin ta zauna a bakin gado. Inna tana ta kallonta, ruwan idon nan yau daga duka biyun yake zuba.

"Ya... sake ki?"

Amarya ta girgiza kai. Ta ɗebo abinci ta kai cokali. Tsohuwar ta damƙe bakinta ta juya fuska bango. Amarya ta zagayo da cokalin, ta sake kawar da kai.

"Inna, tun safe ba ki ci komai ba."

"Ni," in ji Inna, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ni... zan sake ki."

Ta mayar da bakin ta rufe gam.

Amarya ta daɗe riƙe da cokalin. Daga falo ana jin dariyar Malama da ƙarar kofunan shayi. Ta sa gefen zaninta ta share wa tsohuwar ido.

"Ci abincinki, Inna," in ji ta. "Ko kin tafi, sun riga sun samo wata."